Baƙin Gari da Farin Kifi

A garin Tsubame, in ka ga mutum ya zauna cin abinci ya ɗauki cokali ya juya bayansa yana dubawa, kada ka zaci ƙyanƙyami yake yi. So yake ya gane hannun wa ya goge shi. Haka mutanen nan suke. Rabinsu maƙeran cokula ne da wuƙaƙen tebur, rabinsu manoman shinkafa, kuma lambatu ɗaya ne yake bi ta bayan masana'antu kafin ya shiga gonaki. Shi ya sa maƙeri bai isa ya yi wa manomi ɗagawa ba, komai ƙyallin hajarsa.

Mitsue Hokari ta san wannan sarai. Ita ke riƙe da 'yar masana'antar da mijinta Noboru ya mutu ya bari, inda ake tsoma cokula a ruwan sinadari su fito sanye da rigar nikel, wani farin ƙarfe mai ƙyalli, ko ta azurfa. Sana'a ce mai kyau a ido, amma ruwan ɗaurayarta mugu ne. Akwai tutiya a ciki, akwai tagulla, akwai nikel, duk sun narke ba a ganinsu. Sai an bi da shi kwami bayan kwami an tace, sannan ya faɗa kwamin ƙarshe da ke gindin katanga, daga nan ya bi wata 'yar ƙofa ya fita lambatu. A kwamin ƙarshen nan, tun zamanin surukinta, kifin koi ake zubawa, wani babban kifi mai launi da ake kiwo a tafkin gida, kuma ba don ado ba. Manomi zai biyo hanyar gonarsa da safe ya leƙo ta katanga, in ya ga kifi na yawo sai ya wuce hankalinsa kwance. Hukuma na da nata ma'aunin, jami'anta kan zo su ɗebi ruwa a kwalba su tafi, amma mutanen unguwa da kifin suka yarda.

Da kaka, bayan an gama girbi, tsohuwar matatar ta gaza. Aka wayi gari kifayen duk sun juya ciki sama. Nan take aka rufe ƙofar ruwan, kuma da yake gonaki a bushe suke ba wanda ya yi asarar ko ƙwayar shinkafa, amma kafin shayin safe ya huce labari ya zaga unguwa. Mitsue ta sayi kwalayen kayan zaƙi, ta sa baƙaƙen kaya, ta bi gidajen manoma tana sunkuyawa tana ba da haƙuri har bayanta ya ƙage. Gidan da ta bari a ƙarshe shi ne na tsoho Kumakura, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa, mutumin da in bai ce a buɗe ƙofa ba to ba mai buɗewa.

Ya karɓi kwalin ya ajiye gefe ko kallonsa bai yi ba.

"Amaryar gidan Hokari," in ji shi. Ta doshi sittin, kanta ya yi furfura, amma a wurinsa har yanzu amarya ce, don a gabansa aka kawo ta unguwar. "Ɗago haka nan, kada ki karye a ƙofar gidana a ce ni ne."

"Kumakura-san," ta ce, da "san" ɗin girmamawa a ƙarshen sunan, "mun jawo muku tashin hankali. Ba ni da bakin magana."

"Kina da shi mana, ga shi kina yi. Kifi ne dai ba ki da shi." Ya sosa haɓarsa. "Ƙofar nan za ta zauna a rufe. In ƙanƙara ta narke muka sako ruwa gonaki ba ki gyara ba, ke da cokulanki ku nemi wata unguwar."

Ba mugu ba ne, sai dai bai taɓa koyon yadda ake naɗe magana a ganye ba. Kuma gaskiyarsa ce, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Duk tsawon sanyi motar tanka ce ke zuwa tana kwashe mata ruwan datti, abin da ita kanta ta san ba mai ɗorewa ba ne. Sabuwar matata irin ta manyan kamfanoni kuwa, ko an ba ta kyauta ba ta da filin da za ta dasa ta. Tana cikin wannan zulumin 'yarta Shiori ta zo hutun sabuwar shekara daga jami'ar da take bincike, ta ajiye wata kwalba a kan teburin kicin tsakanin kwanon miya da na shinkafa.

Mitsue ta ɗaga kwalbar ta girgiza. "Duk karatun nan da kika sha, garin gawayi kika kawo min tsaraba?"

"Ƙarfe ne, Mama, irin wanda maganaɗisu ke ja. Ƙwayoyinsa ne suka yi ƙanƙanta, ko madubin asibiti ba ya raba su. Kawo min ruwan masana'anta a kofi ki gani."

Ta zuba garin a ruwan ta juya da tsinken cin abinci, ruwan ya koma baƙi ƙirin kamar tawada. Ta ce a ɗan jira, gubar da ta narke a ciki tana manne wa ƙwayoyin, yadda ƙaiƙayi ke manne wa rigar sanyi. Sannan ta ɓanɓaro wani maganaɗisu daga jikin firij ta kanga shi a gefen kofin. Mitsue na kallo, baƙin ya tattaru ya yi gefe guda ya dunƙule, ruwan ya washe har tana hango yatsun 'yarta ta cikinsa.

"Gubar fa?"

"Tana jikin dunƙulen nan. A cire shi, an cire ta."

"Kun taɓa gwadawa?"

"A ɗakin bincike, sau ba adadi. A kwamin gaske dai ba mu taɓa ba."

"Wato uwarki ce ɓeran gwaji."

"To ya zan yi, ke kaɗai ce uwata mai kwami."

Mitsue ta yi dariya, karon farko tun mutuwar kifayen. Ba don ta gamsu ta amince ba, a'a, don ba ta da wata dabarar ne.

Kafin sanyi ya sassauta an gama haɗa abin. Tanki guda mai muciya da ke juya baƙin garin cikin ruwa, sai wani dogon kwararo da aka jera sandunan maganaɗisu a ciki. Ruwa ya shigo baƙi, ya ratsa sandunan, ya fita garau ya gangara kwamin ƙarshe. Su kuwa sandunan, kullum ƙara tara baƙin gashi suke yi, buzu-buzu, ba kyan gani. Shiori ta tara ma'aikata ta yi musu bayani da kwamfutarta a hannu: wannan baƙin gashin shi ne ma'ajiyar gubar, kada kowa ya taɓa, ita za ta riƙa zuwa ƙarshen mako ta kwashe shi a rufaffen mazubi ta kai inda za a raba gubar da garin, a dawo da garin a sake aiki da shi. Ta faɗi duk wannan da yaren jami'a, har da zane-zane. A sahun gaba akwai Kikuo, babban ma'aikacin gidan, wanda ya fara da gugar cokali tun a hannun kakanta, yana ta gyaɗa kai yana "to, to, haka ne." A ƙasar nan kuwa kowa ya san "to" ba ta nufin na gane, tana nufin ina jin kina magana. Kuma ta yaya zai ɗaga hannu ya ce wa yarinyar da ya saba ɗauka a kafaɗa ta maimaita masa?

Da awon hukuma ya fito da kyau, Mitsue ta kai wa Kumakura labari. Ya saurara yana kurɓar koren shayi.

"Madalla da hukuma. Ina kifi?"

"Gobe zan sayo."

"Na kanti? In ya mutu da safe ki sayo ƙaninsa da yamma, wa zai bambance? A'a. Sa wanda na sani. Sa wanda in ya mutu abinci ba zai wuce miki ba."

Ta san wanda yake nufi, shi ma ya san ta sani.

A ɗan tafkin da ke lambun gidanta akwai wani tsohon kifi fari sol, ƙato, ba ɗigon ja ko baƙi a jikinsa. A wurin masana koi wannan ba kifi ba ne, tarkace ne, kuma a cikin waɗanda za a zubar Noboru ya tsinto shi shekarar da suka yi aure. Ya sa masa suna Daikon, don ya yi kama da wannan doguwar farar saiwar da ake jiƙawa a gishiri. Kowace yamma in ya taso aiki, kafin ya gaishe da matarsa sai ya tsuguna ya ba kifin labarin duk wanda ya ɓata masa rai. Tana yi masa tsiya a kai lokacin yana raye. Da ya mutu sai ta tarar ita ma ta koma tsugunawa a wurin, tana faɗa wa kifi abin da ba ta iya faɗa wa mutane. Tana son kifin nan, so na gaske, kuma ba ta jin kunyar a sani.

Ta yi kwanaki tana juya maganar. Ma'aikatanta duk sun manyanta, in ta rufe ba mai ɗaukar su. A ƙarshe ta sa Daikon a baho, ita da Kikuo suka kinkima, ta sake shi a kwamin ƙarshe da hannunta. An yi sharaɗi: ƙofa na rufe, ruwan kwamin a riƙa mayar da shi ciki ana ɗauraya da shi, in kifi ya kai lokacin sakin ruwa da ransa, sai a buɗe.

Daikon kuwa ko a jikinsa. Ya ci, ya yi ninƙaya, ya ƙara ƙiba. Kullum da safe sai ka ga hular Kumakura ta ɓullo ta saman katanga, ta ɗan tsaya, ta nutse, ba gaisuwa ba sallama. Ƙanƙarar kan duwatsu ta soma ja da baya, aka fara jiƙa iri. Ƙungiyar manoma ta aiko cewa za su zo ran Asabar bayan abincin rana, su gani da idonsu su yanke magana.

Ran Asabar ɗin Kikuo ya riga kowa zuwa. Ya share tsakar masana'anta, ya wanke tagogi, ya jera silifas ɗin da baƙi za su sa a ciki. Yana cikin zagayen ƙarshe ya tsaya a kan kwararon nan, ya dubi sandunan da baƙin gashinsu, ransa ya ɓaci. Baƙi za su zo, manya, a nuna musu ƙarfe mai datti haka, a gidan Hokari, a garin Tsubame? Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sa ƙarfe ƙyalli ba zai iya haɗiye wannan ba. Hannunsa kuwa ya san abin da ake yi wa ƙazamin ƙarfe tun kafin a haifi Shiori: a tsoma a asid, a ɗauraye a ruwa mai gudu, a goge. Ya ɗauko bokitin asid, ya zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya ya tsoma. Da ya zo ɗauraya ya duba, ina ruwa mai gudu mai tsafta? Ga shi nan a gabansa, wanda ke gangarawa kwamin ƙarshe, ruwan da kowa ke ta yabon tsaftarsa. Abin da bai sani ba shi ne asid ne ke sa garin ya saki duk gubar da ya kama. Gubar makonni ta bi ruwan ɗauraya ta gangara wa kifi.

Mitsue ta iso da hantsi ita da Shiori, ɗauke da kayan shayin baƙi. Kamar kullum ta fara leƙa kwamin. Sai ta ga Daikon a saman ruwa, ya karkace gefe guda, bakinsa na buɗewa yana rufewa.

Ba ta san lokacin da ta saki faranti ba. Ta faɗa kwamin da takalmanta da kayan tarbar baƙi, ruwan sanyi ya kai mata ƙugu, ta rungumo kifin a ƙirji yana ta santsi yana neman kufcewa. Shiori ta ruga ta tara ruwan famfo a baho, ta watsa gishiri yadda masu kiwon koi ke yi. Suka sa shi ciki. Ya kwanta a gefensa a ƙasan bahon, kunnuwansa na motsi a hankali.

"Me ya faru? Jiya na auna, lafiya ƙalau," in ji Shiori. Ta juya ta dubi kwararon. Sandunan na jere reras, suna walƙiya kamar sababbin cokula, Kikuo na tsaye a gefensu da tsumma a hannu.

"Kikuo-san, me ka yi wa sandunan?"

"Gyara su na yi, 'yar gidana. Baƙi za su zo." Ya dubi fuskarta, ya dubi bahon, ya dubi uwar ɗakinsa tana ɗigar ruwa. Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Tsohon ya durƙusa a kan siminti ya kai goshi ƙasa.

Mitsue ta so ta zage shi. Amma ta ga ƙeyarsa, ta tuna wannan ƙeyar ce ta sunkuya ta ɗauki akwatin gawar Noboru. "Tashi, Kikuo-san," ta ce. "Gwiwarka ba ta wannan aikin ba ce. In ka maƙale a nan wa zai ɗaga ka?"

Shiori ta riga ta fara lissafi irin nata. Ta matso kusa da uwarta ta rage murya. "Mama, ƙofa a rufe take, ko ɗigo bai fita ba. In na kashe kaifin asid ɗin na mayar da ruwan ta tanki, kafin su iso ya dawo daidai. Sai mu mayar da Daikon. In ya ɗan yi sanyi mu ce yanayi ne. Abin nan yana aiki, Mama, kin gani da idonki. Kada kuskure ɗaya ya kashe shi."

Maganar ta shige ta. Ƙarya ce 'yar ƙarama, ba wanda za ta cuta yau, kuma za ta ceci gidan gaba ɗaya. Mitsue ta tsaya tana karkarwar sanyi, tana son ta ce to. Sai idonta ya sauka a kan 'yar ƙofar da ke gindin katanga.

"In a buɗe take fa?"

"A rufe take, Mama."

"Na ji. Wata mai zuwa fa, in sun dasa shinkafa, wani ya sake jin kunyar baƙi?" Ta matse bakin siket ɗinta. "Kada ki taɓa ruwan nan sai na dawo. Ki kula min da shi."

Ta shiga 'yar motarta a jiƙe. Ta sami Kumakura a rumfar ledar da yake renon iri, yana tsugune a kan farantan shuka da suka fara fitar da koren kai. Ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Wanka kika yi da kaya, ko sabon yayi ne?"

"Kumakura-san, guba ta shiga kwamin ƙarshe yau da safe. Kuskurenmu ne. Na cire kifin, ban sani ba ko zai rayu. Ba mu taɓa ruwan ba. Na zo ka je ka gani yadda yake."

Ya ƙura mata ido. "Ai sai bayan abincin rana za mu zo."

"Na sani."

"Da kin gyara kafin nan da ban sani ba."

"Shi ya sa na zo."

Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ciro wata tsohuwar rigar sanyi da ke rataye ya jefa mata. "Sa wannan. Warin taki take yi, amma ta fi mura."

Da suka isa, abin da ya fara tsaya a kai shi ne sandunan. Ya sunkuya ya ga fuskarsa a jikinsu. Shi ma fa ɗan garin ne, bai san lokacin da bakinsa ya suɓuce ba. "Kai, amma sun gogu." Kikuo da ke raɓe a jikin bango ya ƙara sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ko da yake in za a faɗi gaskiya akwai ɗan abin da ya motsa a gefen bakinsa.

Shiori ta ajiye kwamfuta wannan karon. Ta ɗebo ruwan kwamin a kofin gilashi, garau kamar na sha, ta ɗiga masa wani magani. Ruwan ya koma ja-ja.

"Nikel ke nan," ta ce. "In ka ga wannan launin, akwai shi."

"A ido kuwa kamar a sha."

"Shi ya sa yake da haɗari, Kawu."

Ta ɗebo wani kofin, ta kashe kaifin asid ɗin, ta zuba baƙin gari ta juya. Da ta ɗauko maganaɗisu Kumakura ya miƙa hannu. "Kawo nan. Masu dabo ba sa ba da sandarsu, bari in ga ke ko za ki bayar." Ta ba shi. Ya kanga a jikin kofin da hannunsa mai kaushi, baƙin ya biyo shi. Ya matsa sama, ya biyo shi. Ya matsa ƙasa, ya biyo shi. Tsohon ya ɗan shagala da wasan kafin ya tuna shi shugaba ne ya gyara fuska. Shiori ta tsiyaye ruwan ta ɗiga maganin, bai canza ba. Ya ce a sake, da ruwan da shi zai ɗebo daga kusurwar da ya ga dama. Aka sake, bai canza ba.

Sauran manoman suka iso suka tarar ana juya ruwan kwamin gaba ɗaya ta cikin tanki, shugabansu na tsugune a kan kwararo yana kallon yadda sanduna ke sake tara gashi. Mitsue ta tsaya gabansu cikin rigar aro ta faɗi abin da ya faru tun daga farko, ba ta rage ba, ba ta kuma ambaci sunan Kikuo ba, ko da yake duk mai ido ya ga wanda ya yi gugar. Ta ce za a yi wa kwararon murfi da kwaɗo. Shiori ta ƙara da cewa za ta sa na'urar da za ta datse ƙofa da kanta in ruwan ya yi tsami, kuma za ta sake yi wa ma'aikata bayani da kofi, ba da zane ba. Da rana ta karkata, ruwan kwamin ya daina yin ja ko ta ina aka ɗebo.

"To," in ji Kumakura. "Ruwa ya gyaru, in ji kofi. Mayar da kifin mu gani."

Mitsue ta juya ta dubi bahon. Daikon ya ɗan miƙe, yana motsa jela a raunane, ɓawon gefensa ya yi ja inda ruwan ya ƙone shi. Ta sa hannu biyu ta tallafo shi. Ta san ruwan ya gyaru, ta yarda da 'yarta. Taku kaɗan ne tsakaninta da kwamin. Amma kifin ya motsa a tafin hannunta, ta ji nauyinsa, sai ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

"Ba zan iya ba," ta ce. Hawaye na zuba, ba ta kuma ɓoye su ba. "Na ba da shi sau ɗaya, na kusa kashe shi. Shi kaɗai ya rage min da ya san muryar Noboru. Ku yi haƙuri. In sharaɗin ke nan, na faɗi."

Ta mayar da shi baho. Shiori ta buɗe baki, uwar ta girgiza mata kai. Kumakura ya dubi manoman, ya dubi kwamin da ba kowa a ciki.

"To," ya ce. Ya sa hularsa ya fita, sauran suka bi bayansa. Ko shayin ba wanda ya sha.

Da yamma ta mayar da Daikon tafkinsa na gida, ta zauna a bakin har ya karɓi abinci kaɗan daga hannunta. Ta yi murna, murna mai ɗaci, don a ganinta ta sayi ran kifi da abincin mutanenta. Ta kwana tana shirya kalmomin da za ta faɗa musu ran Litinin.

Washegari Lahadi, ba aiki, amma ta je masana'antar don ta kasa zaman gida. Tana buɗe ƙofa ta ji tsayuwar mota. 'Yar farar akori-kurar Kumakura ce, a bayanta wata ƙatuwar leda cike da ruwa, an ɗaure bakinta.

"Tsayawa za ki yi kina kallona? Kama min, bayana ba na saurayi ba ne."

Suka kinkima har bakin kwami. Sai da ya kwance ledar ta ga abin da ke ciki. Duk unguwar an san kifin nan. Ja da fari ne, zanensa kamar an sa alƙalami, daga ƙauyukan kan dutse ya sayo shi yana ɗan yatsa, ya taɓa ciyo masa kambu a gasa. Ko jikokinsa ba su isa su jefa masa abinci ba.

"Kumakura-san, kada ka yi haka. In wani abu ya same shi fa?"

"In wani abu ya same shi, ya sami shinkafata ke nan, shi dai zai riga ta faɗa min." Ya karkata ledar, kifin ya sulale cikin ruwa ya yi zagaye guda a natse. "Ruwan nan gonata za shi. Nawa ya kamata ya fara sha."

"Amma ban cika sharaɗi ba."

"Mun zauna jiya, mun sha surutu. Na ce musu tun ina yaro nake leƙen kifi ta katangar nan, ban taɓa ganin wanda ya tako har gidana a jiƙe ya kawo ƙarar kansa ba." Ya share hannunsa a wando. "Ki dai gaya wa tsohon nan, in ya kuskura ya goge min kifi, ni da shi ne."

Ya wuce gindin katanga ya kama dabaran ƙofar ruwan ya murɗa. Ya ƙi motsi, tsatsar sanyi ta cinye shi. Ya sake gwadawa har jijiyar wuyansa ta fito.

"Zo mana, amarya. Ƙofarki ce."

Ta zo ta kama ɗaya gefen. Idonta ya cika har ba ta ganin dabaran sosai. Suka murɗa tare, ƙarfen ya yi ƙara ya saki, ruwan ya fita ta ƙarƙashin katanga ya kama hanyar gonaki.